Babi na Bakwai: Masu Tara Kiɗa a Ƙasar Adar

Duk wanda ya ci kasuwa a ƙasar Adar, ko Karofane ce, ko Buza, ko Keita, ko Madawa, ya san rumfar mai cajin waya. Faifan sola a kan rufi ko ɗan janareto yana kuka a baya, wayoyi jere a kan katako, ga wani saurayi zaune gaban kwamfutar da ta sha ƙura. Caji kaɗai ba ya riƙe rumfar. Abin da ke tara jama'a shi ne turi. Wannan ya miƙa katin wayarsa ya ce a zuba masa Shata da Ɗan Anace, wancan ya ce wa'azi, wata ta ce waƙoƙin finafinan Kano, wani kuma jitar Abzinawa yake so. Kafin a sha shayi zagaye ɗaya an cika kati, an biya, an watse.

In ana zancen masu tara faya-fayan jazz da blues da kiɗan Kyuba, hankali yakan tafi ga wani Bature ko mutumin Japan mai ɗaki cike da kantoci, kowane faifai cikin jakarsa, yana goge shi da ƙyalle kafin ya ɗora allura. A Adar kuwa mai tarin shi ne saurayin nan na rumfa. Ta hannun irinsa ne ma jihar Tawa ta shiga ɗakunan waɗancan masu kantoci.

A 2008 wani matashin Ba'abzine daga yankin Abalak da Cintabaradan, arewa da Keita, ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato ya shiga situdiyo. Sunansa Mahamadu Sulaimanu, amma duniya da Mdou Moctar ta san shi. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba su so ya yi kiɗa ba. Masu situdiyon Sakkwato sun yi masa aiki irin wanda suka saba yi wa mawaƙan finafinan Hausa: gangar inji maimakon makaɗi, sannan aka bi da muryarsa ta na'urar nan mai lanƙwasa murya har ta yi zaƙi-zaƙi kamar ba ta mutum ba. Kundin da aka yi, mai suna Anar, bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta Bluetooth, direba ya ba ɗan kamasho, ɗan kamasho ya ba mai shayi, har ya kai arewacin Mali.

A garin Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya yi ta musayar waƙoƙi da samari, yana kwafe abin da ke katunansu. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya zaɓi wasu ya buga a faifan garmaho da suna Music from Saharan Cellphones, ciki har da waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Wahalar da ya sha ba ta samun waƙoƙin ba ce. Ya ƙudurta zai raba riba da masu su, sai ga shi yawancinsu ba suna, ba gari, ba shekara, wasu lamba ce kawai a jikinsu, wasu kuma sunan da wani ya ga dama ya liƙa musu. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai Tahoultine. Abin da ya biyo baya sananne ne: Afelan a 2013, wanda aka naɗa a Cintabaradan, fim a Agadas a 2015, sannan kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime a 2021. Daga ƙauyen Illighadad kuma, shi ma a yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali da 'yan uwanta suka fito a 2016 da faifan da fuska ɗaya jita ce, ɗayar kuma tende, gangar turmi ta matan Abzinawa.

Wannan cigiya tana da tarihi. A 1928 wani manomi baƙar fata a jihar Misisifi, John Hurt, ya yi 'yan waƙoƙi wa kamfanin OKeh. Ba su yi kasuwa ba, ya koma gona, aka manta da shi. Bayan shekara 35, wasu masu tara tsofaffin faya-fayai suka lura cewa a ɗaya daga cikin waƙoƙin mutumin ya ambaci garinsu, Avalon. Aka nemo garin a taswira, wani matashi cikinsu, Tom Hoskins, ya shiga mota, ya tarar da dattijon da ransa a 1963. A shekarar nan Hurt ya hau dandalin bikin kiɗa na Newport, ya ci moriyar sunansa shekara 3 kafin rasuwarsa a 1966. Haka aka gano Son House da Skip James a 1964. Wasu faya-fayan kamfanin Paramount, wanda ya daina naɗar waƙa a 1932, kwafi ɗaya tal ya rage a duniya, kuma gida-gida masu tarin suka bi suna saye a hannun tsofaffi kafin su same su. Abin da muke ji yau da sunan tsohon blues, kaso mai yawa nasa irin waɗannan mutane ne suka tsamo shi daga bakin juji.

Su ma ba tara faifai kaɗai suka yi ba. Tun 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya buga littafin da ya jera faya-fayan jazz ɗaya bayan ɗaya: wa ya busa ƙaho, wa ya kaɗa ganga, a wane gari, ran nawa ga wata. Brian Rust na Ingila ya faɗaɗa aikin a 1961. Da irin waɗannan littattafai ne gardamar masu sauraro ta samu ƙafar tsayawa. In biyu suka yi musu kan wanda ya busa wani sashe, akwai inda za a duba. A ganina wannan ne rabin aikin tara kiɗa, kuma shi ne rabin da ya fi ƙaranci a wajenmu.

Kafin katin waya an yi kaset, kafin kaset an yi garmaho, kuma a zamanin garmaho kiɗan waje da ya fi kama Afirka ta Yamma na Kyuba ne. A 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila ya fara sake buga waƙoƙin Kyuba don kasuwar Afirka, a jerin da ake kira GV. Na farko a jerin shi ne El Manisero, waƙar mai tallar gyaɗa, wadda ƙungiyar Don Azpiazu ta naɗa a 1930. Jerin ya kai faifai kusan 250, ciki har da na Sexteto Habanero da Trio Matamoros, kowace fuska minti 3 ko abin da ya yi kusa, kuma faifan da ya faɗi ƙasa ya tashi aiki. Mutanen bakin teku sun ji abin nasu ne ya dawo da sabuwar riga, kuma ba su yi kuskure ba: sai 1886 aka hana bauta a Kyuba, ga Yarbawa da mutanen Kwango da yawa a cikin waɗanda aka kai can, da gangunansu da salon bayarwa da amshi. Daga nan Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a Kinshasa a 1953, Franco ya biyo da OK Jazz a 1956, Gini ta samu Bembeya Jazz a 1961. Mai tarin da ya sayi faifansu yana zaton zai ji irin na Niyu Olins, rumba zai tarar. Mali ma har ɗalibai ta tura Habana a shekarun 1960 su koyo kiɗan daga tushe, cikinsu akwai Boncana Maïga, suka kafa Las Maravillas de Mali.

Ba'adare ya haɗu da wannan kiɗa ne a kurmi. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai, damina gajeruwa, don haka tun zamanin Nasara maza ke fita cin rani da an kai gero rumbu: Kano, Legas, Kumasi, Akara, daga baya Abijan ta fi ja. Ɗan kurmi yakan dawo da atamfa da keke da akwatin rediyo, daga shekarun 1970 kuma rikoda mai cin batir da jakar kaset. A cikin jakar akwai Shata da Ɗan Maraya, akwai na Indiya, akwai kuma na Kwango. Rediyo ta ƙara nata. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel, a 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a ƙauyuka, inda ake taruwa a ji shiri sannan a tattauna. Daga Kaduna ga zaɓi-sonka, daga Gabon kuma tashar Africa No. 1 ta fara watso rumba da salsa a gajeren zango a 1981.

Amma kada a zuzuta. Kiɗan Kyuba a Nijar na 'yan birni ne, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da sojoji, masu sa kwat su je rawa daren Asabar a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Don su ne ƙungiyoyi irin ta Alhaji Taya suke kaɗawa. A Karofane in biki ya tashi kalangu ake kira, in dambe ko kokawa ce makaɗan maza, in wasan bori ne mai goge. Jazz kuwa ko a birni bai yi saiwa ba. Louis Armstrong ya ratso Najeriya a 1960, 'yan makonni bayan samun mulkin kai, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello, kuma tun 1955 Willis Conover ke gabatar da shirin jazz a Muryar Amurka ga duk mai rediyon da ke kamo gajeren zango. An ji, an yaba, aka koma ga abin da aka saba.

Blues ne ya zo da gardamar da ta shafe mu kai tsaye. Mafarinta Ali Farka Touré, mutumin Niafunke a Mali. A ƙarshen shekarun 1960 ya ji faifan John Lee Hooker a Bamako, kuma ya sha faɗa daga baya cewa da farko ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne. Har ya rasu a 2006 bai yarda a ce shi ya koya daga Amurkawa ba, a wurinsa su ne reshe. Faifansa da Ry Cooder, Talking Timbuktu na 1994, ya ci kyautar Grammy, daga nan 'yan kasuwar faifai suka samu lakabin da suke nema. Duk wanda ya rungumi jita tsakanin Tumbutu da Agadas sai aka ce blues ɗin hamada yake yi: Tinariwen, Bombino, Abdallah Oumbadougou, har da Mdou.

Masana sun riga 'yan kasuwa shiga maganar. Paul Oliver na Ingila, a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, ya ce in ana neman dangin blues a Afirka kada a tsaya a bakin teku inda manyan ganguna suke, a hau arewa wajen masu kayan tsirkiya. Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya, ya zurfafa batun a Africa and the Blues na 1999. Yankin da ya nuna ya taso daga Mali, ya ratsa arewacin Gana da ƙasar Hausa, ya kai Kamaru. Abubuwan da ya lissafa duk wanda ya taɓa zama gaban mai goge ya san su: mawaƙi guda da abin kiɗansa, murya mai jan gaɓa ɗaya tana hawa tana sauka, sauti biyar maimakon bakwai na Turawa, tsirkiya tana amsa wa murya kamar ɗan amshi. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a 1964. Akwai kuma dalili na tarihi. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumomin Karolina ta Kudu sun hana bayi ganga, alhali goge da molo ba su tsorata kowa ba, sai hannun da ya saba da tsirkiya ya samu wurin zama a jikin banjo da gogen Turawa. Sylviane Diouf ta ƙara da cewa da yawa cikin bayin Musulmi ne, ta kwatanta jan muryar kiran salla da wata waƙar aiki da Alan Lomax ya naɗa a Misisifi.

Hujjojin suna da nauyi, kuma in ka saka wa dattijon Adar tsohon faifan Hooker, da wuya ya ce baƙon abu ya ji. Sai dai ni ina ganin ana wuce gona da iri. Tsakanin jirgin bayi na ƙarshe da faifan blues na farko na mawaƙiya baƙar fata, wanda Mamie Smith ta yi a 1920, akwai zuriya bayan zuriya da suka rayu a gonakin auduga, suka shiga coci, suka yi aikin layin dogo, suka sha ukubar wariyar launi. Su suka ƙera blues, da jitar Sifaniya da harshen Ingilishi da baƙin cikinsu. Wanda ya ce ai namu ne kawai aka kai aka dawo da shi, ya ci haƙƙinsu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, lakabin blues ɗin hamada ya shafe tarihin jitar Abzinawa. Wannan kiɗa a zangon gudun hijira na Aljeriya da Libiya ya tashi, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobi ya kori samari. Bayan rikicin da ya ɓarke a Cintabaradan a watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo, kaset ɗin Abdallah Oumbadougou a ɓoye ake kwafarsa, mutum yana iya shiga uku in an kama shi da ita, har zuwa sulhun 24 ga Afrilun 1995. Masu kwafar nan ba Misisifi ke ransu ba.

Anar kuwa ya fi kowa rikita lissafin. Faifan da ya buɗe wa ɗan Abalak ƙofar duniya, muryarsa da gangarsa na finafinan Hausa ne, su kuma finafinan Hausa kowa ya san nonon Indiya suka sha. Kirkley kansa ya gane haka, don a 2013 ya buga wani faifan na waƙoƙin finafinan Kano zalla, Harafin So. Mai neman asali tsantsa a jihar Tawa zai tarar da Bombay da Sakkwato da Tamanrasat a cikin waƙa ɗaya.

Irin wannan gardama ba sai an je jami'a ba. Ana yin ta a fada, inda samari ke kwana kan shayi, waya ɗaya a tsakiya tana yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce Bombino ya fi hannu, wani ya ce Mdou ya fi wuta. Dattijon da ke gefe ya ce, "Ku yara, kun taɓa jin Garba Sufa? Kun ji Ɗan Gurmu?" A ce masa, "Baba, turo mana." Nan gizo ke saƙa. In an dace akwai waƙar a katin wani, sai a tarar an rubuta mata "tsohuwar waƙa 4", an yanke farkonta inda mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗi da garinsu, an matse ta ta WhatsApp har gogen ya koma kamar kukan sauro. Baba ya ce wane ne, wani tsoho ya ce a'a, yaronsa ne. Ba inda za a duba.

Ba wai ba a yi komai ba. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar a farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora na Faris ya buga. David Ames ya yi irin wannan a Zariya, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa da Diwanin Waƙoƙin Baka, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta Shata Ikon Allah a 2006. A Nijar, a 1987 aka fara gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda aka adana kayan kiɗan gargajiya. Amma manyan suna ne suka samu wannan gata. Mai gurmin da ya yi tashe tsakanin Buza da Karofane, zabiyar da matan Keita ke kira in za a kai amarya, mai gogen da ake ɗauko wa daga Madawa, su ba Ocora ta san da su ba, ba Sahel Sounds. Masu zuwa daga waje jita suke nema, don ita ce kunnen masu sayensu ya saba da ita. Abin mamaki, gogen da Kubik ya kafa hujja da shi shi ne ba mai nema.

Wani lokaci sa'a kan yi aiki. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka yi kaset kaɗan. Shekaru da dama 'yan Nijar suna jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. Kwafi ɗaya da ya tsira a Yamai ya isa aka sake buga shi a 2013, mutumin yana raye, har ya fita Turai ya yi wasa. Abin da ya cece shi, sunansa na jikin kaset ɗin.

Kaset ɗin biki da 'yan kurmi da masu rikoda suka naɗa a shekarun 1980 da 1990 suna nan a gidaje da yawa na Adar, cikin adaka ko kwalla, tare da takardun gona. Wasu an rubuta musu da biro: bikin wance, shekarar kaza, makaɗi wane. Waɗanda ba a rubuta ba, akwai tsofaffin matan da suka yi guɗa a wurin, da jin baiti biyu za su faɗi mai waƙar da wanda ake wa. Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin saurayin rumfar caji ba: rikoda mai lafiya, igiyar da za ta haɗa ta da kwamfuta, da haƙurin tambayar mai kaset kafin a rubuta wa waƙa suna. Rikodar ce ma ta fara wuya. Zafin bazara yana sa zaren kaset ya manne, masu gyaran rediyo a Madawa da Ƙonni yawancinsu sun koma gyaran waya, robar da ke juya kaset kuwa in ta tsinke, sai an farke wata tsohuwar rikoda kafin a samu madadinta.